Daga Winnipeg zuwa Thompson, inda ake jona mota da lantarki kafin a kwanta

Sana'ata gyaran wutar mota da sayar da batir, kuma a Kano nake yin ta tun ina saurayi. Shi ya sa duk garin da na sauka, motocinsa nake fara kallo kafin gine-ginensa. Ƙanena ma'aikacin jinya ne a Kanada. Iyalinsa suna Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba, shi kuma aiki yakan kai shi Thompson, can arewa, ya yi 'yan makonni ya dawo. Ya so in je musu lokacin zafi, amma takardu ba su fito da wuri ba, sai ga ni na sauka a watan Janairu, tsakiyar sanyinsu.

Muna fitowa daga ginin filin jirgi iska ta mare ni. Numfashin farko da na ja, sai na ji cikin hancina ya ƙame. Da muka shiga mota allonta ya nuna digiri 27 ƙasa da sifili, ƙanena ya duba ya ce, "Yaya, ka taki sa'a, yau da sauƙi." Haƙorana na haɗuwa, amma idona na kan motocin da ke jere a filin ajiya. Kusan kowace da 'yar gajeriyar waya mai filogi tana reto a gabanta, wata ta leƙo ta ragar lagireto, wata ta gefen lamba.

Na san wayar nan. Motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas, waɗanda suka fito daga Kanada ko arewacin Amurka, da yawansu da ita suke zuwa, a naɗe a ƙarƙashin bonet. An sha musu a kanta a garejinmu, wani ya ce ta cajin batir ce, wani ya ce ta kwamfuta ce, ƙarshe yaro ya sa filaya ya datse ta. Ta hita ce. A ƙarshenta akwai ɗan ƙarfe da aka dasa a jikin bulok ɗin inji, daidai inda ruwa ke zagayawa. Idan aka jona da wutar gida, wadda a can volt 120 ce, sai ya ɗumama ruwan, ruwan ya ɗumama ƙarfen inji, baƙin man da ke jikinsa ya ɗan saki. Ta ƙaramar mota takan ci wat 400 zuwa 1,000. Wani injiniyan lantarki mai suna Andrew Freeman, mutumin Grand Forks a jihar Dakota ta Arewa, wadda ke kudu da Winnipeg kaɗan, shi ya ƙirƙiro irinta ta farko, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1949. Kafin nan mutanen yankin kan tsiyaye ruwan lagireto da dare, su ciro batir su kwana da shi a ɗaka, wasu su zuba garwashi a ƙarƙashin inji da asuba.

Yanzu garin ne gaba ɗaya aka gina shi da wannan lissafi. Filin ajiye motoci na gidajen haya, na ofisoshi, na makarantu, da yawa za ka ga 'yan gajerun turaku a jere, kowanne da soket. Wasu suna da na'urar da ke duba sanyin gari: idan ya yi sauƙi ta riƙa kunna wutar tana kashewa, idan ya tsananta ta sake ta baki ɗaya. Na daɗe tsaye ina kallon irin wannan fili da yamma, mutane na fitowa daga mota, kowa ya sunkuya gabanta ya jona waya sannan ya wuce, mata da maza, tsofaffi da ɗalibai, ba wanda ke jiran a yi masa.

A gidan ƙanena wannan aiki na bayan sallar isha'i ne. Doguwar waya ce mai kauri, irin wadda robarta ba ta ƙagewa a sanyi, ya jawo ta daga bangon gida. Kafin ya jona sai ya bi ta da yatsa yana duba ko akwai inda ta tsage, ya kakkaɓe ƙanƙarar da ta shiga bakin filogin, don wayar da ta tsage ko ta yi tsatsa takan ta da gobara, kuma kowace shekara sai hukumomi sun ja kunne a kan haka. Ya kan rataya tsakiyarta a madubin gefen direba, saboda kada da safe ya manta ya ja mota da waya a jone. A bango kuma akwai ɗan agogo da ya saita ya saki wuta ƙarfe uku na dare. Na tambaye shi me ya sa ba zai bar ta ta kwana a kunne ba. Ya ce awa uku zuwa huɗu sun isa, bayan nan zafin da hita ke bayarwa da wanda iska ke kwashewa sun zo daidai, sauran asarar kuɗin wuta ne kawai. Ƙa'idarsa ita ce, in dai an ce dare zai kai digiri 15 ƙasa da sifili, to a jona.

A Winnipeg kuwa wannan kusan kullum ne a Janairu, don matsakaicin sanyin watan yana wajen 16 ƙasa da sifili, kuma a Disamban 1879 an taɓa auna 47.8. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba dutse ba tudu, iska ba ta da abin da zai tare ta. Masu hasashen yanayi kan ba da lamba biyu, sanyin gari da kuma yadda jiki zai ji shi idan an haɗa da iska. Ta biyun ta mutum ce, idan ta kai 40 ƙasa da sifili fatar da ke waje za ta iya daskarewa cikin minti biyar zuwa goma. Ƙarfe kuwa ba ya yin ƙasa da sanyin gari komai iska, sai dai iska na sa ya huce da sauri. Shi ya sa suke juya gaban mota ga bango ko ga inda iska ba ta bugowa.

Da ranar komawarsa Thompson ta matso, ya ce zan raka shi, amma sai mota ta ga bakanike tukuna. Garejin na wani dattijo ne, jikan mutanen Yukren da suka zo noma Manitoba tun da daɗewa. Da ƙanena ya gaya masa sana'ata sai ya miƙo mini mita ya ce in auna da kaina. Batir ya nuna volt 12.6, wato cike yake. Da 12.2 ne, rabi ke nan, 12.0 kuwa saura kwata. Dattijon bai tsaya nan ba, ya ɗora masa na'urar da ke jan wuta kamar yadda kik ke ja, don batir kan nuna lamba mai kyau a zaune, a ɗora masa kaya ya durƙushe. Ya nuna mini lambar da ke jikin batir ɗin, wadda ake rubuta CCA a gabanta. A shagona ba kasafai mai saye ke tambayarta ba, "amfiya nawa ne?" kawai ake cewa. A can ita ake fara dubawa. Ma'anarta yawan wutar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya faɗi ƙasa da volt 7.2 ba.

Dalilin da ya sa ta zama dole shi ne, wutar batir daga aikin sinadari take fitowa, tsakanin farantan dalma da ruwan asid, kuma sanyi na rage wa wannan aiki gudu. A digiri 18 ƙasa da sifili batir mai lafiya ya rasa wajen rabin ƙarfinsa. A daidai lokacin ne kuma injin ya fi nauyin juyawa, saboda mai ya yi kauri. Ƙarfi ya ragu, kaya ya ƙaru.

Akwai abin da ya fi wannan muni, wanda mu ba mu taɓa gani a ƙasarmu. Idan batir na cike, asid ɗin yana cikin ruwan, kuma irin wannan ruwa ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 60 ƙasa da sifili. Yayin da batir ke sauka, asid ɗin yana komawa jikin faranti, abin da ya rage a ciki yana ƙara kusantar ruwa zalla. Batir ɗin da ya sauka sarai zai iya zama ƙanƙara tun a wajen digiri 10 ƙasa da sifili. Ruwa in ya daskare yana kumbura, sai ya lanƙwasa faranti ya fasa kwandon. To ka ga cikar caji ita ce rigar sanyin batir. Wannan ne ya sa wanda zai ajiye mota kwanaki yake jona mata ƙaramar caja mai kashe kanta in batir ya cika, wasu kuma su naɗe batir ɗin da bargon lantarki, su haɗa wayarsa da ta hitar inji a filogi ɗaya.

Dattijon ya ce zafin bara ne ke kashe batir, sanyin bana tona asiri kawai yake yi. Na gyaɗa kai tun kafin ƙanena ya gama fassara, don abin da nake gani ke nan a shago. Zafin Afrilu da Mayu yana ƙone ruwan batir ya cinye faranti, mai mota bai sani ba tunda tana tashi. Sai hunturu ya shigo, safiyar farko da hazo ya sauka, ka ga an yi layi a ƙofar shago, kowa na cewa sanyi ya kashe masa batir. Bambancin shi ne mu za a samu matasa a tura, ko a hau babur a kawo wani. A hanyar da za mu bi, ba mai tura maka.

Daga batir muka koma kan mai. Ya ɗauko gora biyu da ya ajiye a bayan gareji, a waje, musamman don nuna wa masu gardama. Ɗaya 0W-20 ce, ya karkata ta, man ya gangaro a hankali amma ya gangaro. Ɗayar mai kauri ce, irin 20W-50 da muke ɗura wa kusan kowace mota a gida. Ya kifa ta baki ƙasa, abin ya tsaya cak kamar man kaɗe a hunturu. Lambar da ke gaban W ita ke nuna juriyar mai ga sanyi: mai 0W an gwada famfo na iya jan sa har digiri 40 ƙasa da sifili, mai 5W har 35, mai 20W kuwa iyakarsa 20. Idan famfo bai ja mai ba, injin zai iya tashi, amma ƙarfe ne ke gugar ƙarfe a bushe har sai man ya narke ya hau sama. Lalacewar da ake yi a waɗannan 'yan daƙiƙu ba a jin ta a ranar, sai an kwana biyu a ga inji ya fara shan mai yana hayaƙi.

Sai ruwan lagireto, kuma a nan ne raina ya fi sosuwa. Ya zuƙo kaɗan da wani ɗan bututu mai ma'auni, ya ce zai jure 45, ya isa. Ruwan nan haɗi ne na ruwa da sinadarin gilaikol. Rabi da rabi yana kaiwa wajen digiri 37 ƙasa da sifili bai daskare ba, kashi 60 na sinadari da 40 na ruwa ya wuce 50. Wanda ya ce bari ya zuba sinadarin zalla don ya fi ƙarfi ya cuci kansa, domin shi kaɗai yana daskarewa tun a wajen 13. Ruwa zalla kuwa in ya zama ƙanƙara yana ƙaruwa da kusan kashi tara cikin ɗari, kuma wannan ƙarin ya isa ya tsaga bulok ɗin inji. Mu a gida ruwan rijiya ko na leda muke ɗurawa, sannan mota na zuwa hannunmu abu na farko a cire mata tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai don kada ta yi zafi. Ban taɓa yarda da wannan ba ko a Kano, don sinadarin nan yana hana tsatsa yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa, injin da ba tamostat kuma yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, yana shan mai a banza. A Manitoba kuwa motar da aka yi wa haka hitarta ba za ta ba da ɗumi ba, gilashi ba zai washe ba, direba zai daskare a kan sitiyari. Abu ɗaya dai, sinadarin yana da zaƙi kuma guba ne, ba a barin sa inda yaro ko dabba za su kai baki.

Tayoyin sanyi ne a motar, masu hoton dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefe, robarsu ba ta taurara kamar ta sauran. An ƙara musu iska, don duk saukar digiri biyar ko shida taya na rasa kusan awo ɗaya. Ruwan wanke gilashi ma na musamman ne, an rubuta 40 a jikinsa, wato yana jure digiri 40 ƙasa da sifili. A but matar ƙanena ta jera barguna, shebur, wayoyin jona batir, tocila, kyandir da ashana a cikin gwangwani, da dabino. Ta ce, "Yaya, butar ruwan alwala a gabanku za ta zauna, in ta shiga but dutse za ku tarar."

Mun tashi bayan asuba, gari bai waye ba. Hanyar ita ce babbar hanya mai lamba 6, kimanin kilomita 760 daga Winnipeg zuwa Thompson. Da farko gonaki ne farare fat a tsakanin tafkin Manitoba da tafkin Winnipeg, iska na jan garin ƙanƙara yana tsallaka kwalta. Bayan Ashern gidaje suka fara ƙaranci, daji ya rufe hanya hagu da dama, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da mota ba, waya kuma ta ɗauke ta dawo. Ba sa dogara da gishiri a irin wannan sanyi, don ya daina narkar da ƙanƙara, yashi suke watsawa. Duk gidan man da muka gani sai mun tsaya mun cika, ko da tanki bai kai rabi ba. Tankin da ba mai sosai yana tara raɓa a ciki, raɓar ta sauka ta daskare a bututu. Sannan in hanya ta tsare ka, man da ke tankin shi ne wutar da za ka ji ɗumi da ita.

A Grand Rapids, inda kogin Saskatchewan ke faɗawa tafkin Winnipeg kusa da madatsar lantarki, mun tarar da tireloli a tsaye, ba wadda aka kashe. Direbobin na ciki suna cin abinci, injuna na ruri a waje, hayaƙin salansa ya tsaya a ƙasa ya ƙi tashi. Gabansu an rufe da mayafin leda mai zif, an bar 'yar kafa, don kada iska ta sanyaya lagireto fiye da kima. Wata tsohuwar a-kori-kura ma kwali aka cusa mata. Matsalar dizal daban ce: akwai kaki a cikinsa, in sanyi ya yi sai kakin ya fara daskarewa ya toshe matatar mai, injin ya mutu a tsakiyar hanya. Don haka gidajen mai kan canza zuwa dizal na sanyi, mai sauƙin kaki, tun kafin lokacin ya shigo. Kuma injin dizal da zafin matsa iska yake kama wuta, in ƙarfensa ya yi sanyi ƙwarai tada shi aiki ne. Direban da ya yi nisa da soket gara masa ya ƙona mai da ya kashe.

Daga nan zuwa gaba ne hanyar ta fi kaɗaici. Ƙanena ya yi mini bayanin abin da ake yi in mota ta faɗa rami ko guguwa ta rufe hanya, kuma na ga ba wasa a fuskarsa. Ba a barin mota a tafi neman taimako da ƙafa. A zauna a ciki, a kunna inji kamar minti goma a kowace awa, a sassauta gilashi kaɗan. Kafin kowace kunnawa a fita da shebur a tabbatar ƙanƙara ba ta toshe bakin salansa ba, don in ta toshe hayaƙin ciki yake dawowa, gubar da ke cikinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum ya wuce daga nan. Ya ce a wurin aikinsa ya ga waɗanda sanyi ya ci wa yatsu don sun fita gyaran mota hannu ba safa.

Mun shiga Thompson da duhu. Garin ma'adinai ne, an kafa shi bayan kamfanin Inco ya gano nikel a wurin a 1956, daga baya kamfanin Vale na Barazil ya saye Inco a 2006. Matsakaicin sanyinsa a Janairu wajen 24 ne ƙasa da sifili, har ya zama abin sayarwa: kamfanonin motoci, ciki har da Ford, sun sha kawo sababbin motoci su gwada su a nan, kuma tun 2010 akwai cibiyar da ake gwada injunan jirgin sama na Rolls-Royce da Pratt & Whitney a cikin ƙanƙara. Daga yankin ne kuma hanyoyin sanyi ke tashi, waɗanda ake shatawa a kan tafkuna da fadamun da suka daskare, a kai abinci da mai da kayan gini ƙauyukan da ba su da kwalta, kafin ƙanƙara ta narke.

A daren ƙanena ya jona mota a turken gidan da yake haya kamar kullum. Da safe ma'auni ya nuna 39 ƙasa da sifili. Ƙofar motar da ƙyar ta buɗe, kujera ta yi tauri. Ya murɗa makulli, kik ya yi wani nishi mai nauyi, ya juya sau ɗaya, sau biyu, fitilun allo suka dushe. Na ce ya saki. Kik ba a riƙe shi fiye da daƙiƙa goma, kuma kowace murɗawa tana ƙara sauke batir ɗin da muke buƙatar cajinsa don kada ya daskare. Na sa hannu da safa a jikin inji, ba alamar ɗumi. Muka gwada soket ɗin turken, babu wuta, ashe makashinsa ya faɗi cikin dare.

Wani maƙwabci, dattijo daga ƙabilar Cree, 'yan asalin yankin, ya hango mu ta taga. Bai tambayi komai ba, ya fito da doguwar waya ya jawo daga nasa turken ya jona mana, ya kawo caja ya maƙala a kan batir, sannan ya yafa wani tsohon bargo a kan bonet ya ce mu shiga ciki mu sha shayi. Wayarsa tana da ɗan haske a bakin, in da wuta sai ya kama, kallo ɗaya daga taga ya isa ka sani. Ƙanena ya kira wurin aiki ya ce zai makara, ba wanda ya yi mamaki. Bayan kamar awa biyu muka fito. Ya kashe hita da rediyo da fitilu, ya murɗa, injin ya juya da nauyi sannan ya kama. Bel ya yi ƙara na ɗan lokaci ya yi shiru. Da muka fara tafiya motar na ɗingishi, don gefen tayar da ya kwana a ƙasa ya daskare a baje, sai da muka yi 'yar tafiya ya koma daidai. A ranar ƙanena ya sayi waya mai haske irin ta dattijon.

Wani abu da na ga ana yi da yawa wanda ban gamsu da shi ba shi ne tada mota daga cikin ɗaki da rimot a bar ta rabin awa tana aiki a tsaye. Na fahimci dalilin, ba mai son zama a kujerar ƙanƙara, kuma dole gilashi ya washe kafin a motsa. Amma inji a tsaye a hankali yake ɗaukar zafi, giya da sauran sassa kuma ba sa ɗumama sai ana tafiya. In an jona hita, 'yan mintoci sun isa, sai a ja a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba. Abin da ya fi cutar mota a can shi ne gajeriyar tafiya, daga gida zuwa kanti a dawo. Batir mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri, altaneta ba ta mayar da abin da kik ya ci ba an kashe, ga hita da fitilu da abin ɗumama kujera duk suna ja. Tururi kuma yana taruwa a cikin inji, ka buɗe murfin mai ka ga farin kumfa a jikinsa. Maganinsa a riƙa ba ta doguwar tafiya lokaci-lokaci har ta yi zafi sosai.

Sakamakon wannan na gan shi da idona bayan mun dawo Winnipeg. An idar da Juma'a a babban masallacin da ke titin Waverley, sai wani ɗalibi ɗan Zariya ya ji muna Hausa ya matso ya gaishe mu. Shekararsa ta farko ke nan. Ya sayi tsohuwar mota da kaka, yana 'yan gajerun zirga-zirga da ita, sannan ya ajiye ta a bakin titi tun lokacin jarrabawa, ba soket ba caja. Yanzu ko fitila ba ta kawowa. Ya ce, "Baba, in za ku taimaka ku ja mini wuta daga taku."

Muka bi shi. Ina ɗaga bonet na ce kada kowa ya taɓa waya. Gefen batir ɗin ya kumbura ya yi ciki, kusa da kan akwai tsaga, wani farin abu ya bushe a bakinta. Batir ɗin da ya daskare ba a ja masa wuta, ba a sa masa caja, don iskar gas na iya taruwa a ciki ya fashe, asid ya watsu a fuska. In bai tsage ba, akan ciro shi a kai wuri mai ɗumi ya narke a hankali sannan a gwada. Wannan ya riga ya gama. Na kwance baƙar waya tukuna, sannan ja, muka sa shi a kwali muka kai kanti. A can suna karɓar tsohon batir su rage maka wani abu a kuɗin sabo, don a kai dalmar inda za a narke ta a tsare. Na zaɓar masa mai CCA ɗin da littafin motar ya nema da ɗan ƙari, na goge kawunan har suka yi haske, na ɗaure ja sannan baƙa.

Kafin ya murɗa makulli na buɗe murfin robar ruwa na duba, ruwan kore ne kuma yana motsi, bai daskare ba. Na laluba bayan ragar gaba na zaro masa wayar hita, a naɗe da igiyar roba, bai ma san motarsa na da ita ba. Ƙanena ya nuna masa yadda zai jona ta, ya ce ya je ofishin gidan da yake haya ya nemi wurin ajiya mai turke ko da za a ƙara masa kuɗi a wata. Muka roƙi mai gidan da ke kusa ya ba mu soket, muka bar ta a jone muka je cin abinci. Bayan la'asar ta tashi, na ce ya hau babbar hanyar da ta kewaye gari ya yi tafiyar akalla rabin awa kafin ya kashe ta.